Rigar Lamba Takwas

Asabar, 18 ga Afrilu, 1998

Yau na koma bakin murhu. An yi sadakar arba'in, kuma Alhaji Dogo, mai kulob ɗin Mikiya, ya aiko cewa yara sun gaji da tuwon Lantana, mai taya ni girki. Shekara huɗu ke nan ina dafa wa 'yan ƙwallonsa abinci a gidan da ya kama musu a Sabon Gari. Yaron da na rasa ne ya samo mini aikin, tunda shi ma cikinsu yake.

Duk suka taso suka durƙusa. "Inna, ya haƙuri?" Na ce da godiya. Da na jera kwanoni zan raba tuwo sai ɗaya ya yi saura. Lantana ta ɗauke shi ta kife bayan randa.

Kowa yabona yake. Wai Hanatu akwai tawakkali, sanƙarau ya ɗauke mata saurayi kamar wasa, ko hawaye ba a gani ba. To ya zan yi? Ɗan fari ne. Tun ranar suna ban taɓa kama sunansa da bakina ba. Ana yaye shi kakarsa ta tafi da shi Nahuce, ya girma yana ce mini Yaya. Wadda ba ta yi masa dariya a gaban mutane ba, ta yaya za ta yi masa kuka a gabansu?

Shi ya sa nake rubutu. Amma ko a nan ma hannuna ya ƙi sunan.

Talata, 21 ga Afrilu

An kawo wanda zai tsaya a gurbinsa. Daga Gana. Alhaji da kansa ya je Kano ya ɗauko shi, duk da wannan wahalar mai da ake ciki. Kwabina sunansa, yara na ce masa Ɗan Kumasi. Gajere ne, da sarƙa a wuya, da gani ya haura talatin. Sule gola ya ce abin da za a riƙa ba shi a wata ya fi na mutum shida a haɗe. Wai ɗan wasan tsakiya ne da ya buga wa manyan kulob, shi zai hana Mikiya faɗawa ajin ƙasa.

Ɗakin Yaron aka ba shi. Da rigar, mai lamba takwas. Ni na wanke ta da hannuna kafin in mayar musu.

Lahadi, 3 ga Mayu

An ci su biyu da nema, a gida.

Ɗan Kumasi ba ya cin tuwon dawa, wai yana ɗaure masa ciki. Alhaji ya ce a riƙa dafa masa shinkafa da kifi daban. Tukunya guda don mutum guda. Yaron kuwa, duk zamansa a gidan nan, tsokar da ta fi ƙanƙanta nake sa masa, don kada a ce na fifita nawa. Bai taɓa ɗaga kai ya dube ni a kan haka ba.

Laraba, 6 ga Mayu

Ina tankaɗe ya faɗo madafa, babu ko sallama. Yana jin Hausa irin ta Zangon Kumasi, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa.

"Mama, kai ne maman wane?" Ya kama sunan gatsau. Ya sake, ya kuma sakewa, wai ko ban ji ba. Lantana ta saki ludayi cikin miya.

Wai yara sun ba shi labari, ransa ya ɓaci ƙwarai, wai in faɗa masa wane irin mutum ne, tunda a gadonsa yake kwana.

Na ce, "Shinkafarka na kan wuta." Na ba shi baya.

Kuɗi dai ba ya sayen kunya.

Asabar, 16 ga Mayu

Mutumin nan so yake ya ƙarasa ni. Ya karɓi hoton Yaron wurin Sule, ya kai an faɗaɗa shi an sa gilashi, ya kafa ƙusa ya rataye a zauren cin abinci, daidai inda nake tsugunnawa in raba tuwo. Har da jan ƙyalle ya ɗaura masa. Na shigo da kwanoni, na ɗaga kai, muka haɗa ido. Dariya yake, haƙora a waje. Yana da rai ban taɓa kallon fuskarsa tsawon haka ba, sai ga shi an sa ni a gaban samari cike da zaure.

Na dire kwanonin na fita. Daga madafa ina jin Sule yana yi masa bayani, cewa a nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zura masa ido, kunya ce.

"To in mamansa bai kira ba, wa zai kira?"

"Kai dai sauke, Ɗan Kumasi."

"A garinmu, wanda aka daina kiran sunansa shi ne ya mutu."

A garinku. To ka koma garin naku mana.

Litinin, 18 ga Mayu

An sauke. Ƙusar na nan. Lantana ke raba tuwo yanzu.

Juma'a, 29 ga Mayu

Rabi'u ya zo daga Tsafe, ƙanen mai gidana marigayi. Shi ne shugaban magoya baya, duk inda Mikiya za ta buga yana can da makaɗansa. Bayan an sauko masallaci suka tsare koci Usman a ƙofar gida kan zancen Ɗan Kumasi, ina jiyo su ta katanga.

"Tun zuwansa ko ɗaya bai zura ba!"

"Ba aikinsa ba ne zurawa. Shi mai rabawa ne."

"Ya raba wa wa? Kullum baya yake mayar da ƙwallo kamar tunkiyar da ta tuna gida."

"Da kuɗin wanga tsoho an kwaso yara biyar daga Kucheri, masu huhu."

Koci ya ce ƙwallo ba tseren jakai ba ne. Wani ya ce to ai su jakan ma sun fi mu maki.

Rabi'u ya leƙo madafa neman ruwa. "Matar yaya, ke mi kika gani?"

Ban yi niyyar magana ba, ita ta fito da kanta. Na ce mai cin dawa ya yi musu gudu har ƙasa ta rufe shi, mai cin shinkafa kuwa na ji an ce takawa yake a fili kamar mai rakiyar amarya.

Rabi'u ya yi dariya har ya ƙware da ruwan.

Lahadi, 7 ga Yuni

Makaɗan Rabi'u sun mayar da maganata zambo. A Bunguɗu suka fara rera shi jiya, yau har 'yan tallan unguwa sun iya.

Ɗan Kumasi, ci shinkafa,
taka sannu, amarya kake rakiya.

An yi kunnen doki. Da za su fito wani ya jefe shi da ɓawon rake, wani da abin da ya fi ɓawo nauyi. Ya dawo da gira a kumbure. Ya tsaya bakin madafa.

"Mama, mene rakiyar amarya?"

Na ce ya tambayi Sule.

Ya tambaya. Da yamma ya ce wa Lantana a daina ɗora tukunyarsa, tuwo zai ci kamar kowa. Na leƙa ta taga, yana haɗiyar loma kamar mai shan maɗaci. Na ji daɗi. Ba zan ɓoye wa takarda ba.

Alhamis, 18 ga Yuni

Duk sun tattare gaban talabijin, gasar duniya ake yi, ko abinci sai an yi ta kira. Ɗan Kumasi kaɗai ya zagayo ta baya ya roƙi ruwan zafi. Lantana ta je kasuwa, sai na kai masa bokitin da kaina bayan ɗaki.

Ya naɗe wando. Gwiwar hagu ta kumbura kamar ƙaramar ƙwarya, ga tsohon tabon ɗinki ya ratsa ta. Ya yi saurin rufewa, amma na riga na gani.

"Mama, kar ka faɗa. Yara uku a Kumasi, wannan ƙafa ke ba su abinci. In gama kakar wasan nan kawai."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba.

Nawa da ƙafafunsa biyu lafiyayyu yana ƙarƙashin ƙasa. Wannan da guda ɗaya da rabi yana kwasar albashin mutum shida.

Lahadi, 21 ga Yuni

Na je suna Tsafe, gidan Rabi'u. Ya tambaye ni labarin Ɗan Kumasi. Na faɗa masa zancen gwiwa. Ai ban yi wa kowa alkawari ba.

Talata, 30 ga Yuni

An fitar da Najeriya daga gasar, gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Ina ɓarar gyaɗar miya ya jawo kujera ya zauna ya sa hannu. Namiji da ɓarar gyaɗa. Na ƙyale shi, hannu biyu ya fi ɗaya.

Can bakina ya suɓuce. Na ce wai shi ɗan tsakiyar nan mi yake yi ne da ake ta kashe kuɗi a kansa?

Ya share faifai ya jera ƙwayoyi. Wannan gola, waɗannan 'yan baya, waɗannan 'yan gaba. Ya ɗora guda a tsakiya. Wai duk ƙwallon da zai tashi daga baya ya je gaba, ta hannun wannan yake bi. In ya yi kyau a yabi wanda ya zura, in ya ɓaci a zagi wannan.

Sai ya nuna ƙwayar tsakiya. Ya ce, "Ka san me ya sa ake cin mu? Yaran nan har yanzu da ɗanka suke wasa."

Ban ɗaga kai ba.

"In Sule ya kama ƙwallo ba ya dubawa. Nan yake jefawa, hagu, inda babu kowa. Ya saba wane zai iso. Shi yana isa, Mama, kowa ya faɗa mini, gudun mutum biyu yake yi. Ni ba na isa. Ina ce musu ku ba ni a ƙafa, su ce to, ana shiga fili su manta." Ya cire ƙwayar tsakiya ya riƙe, wurin ya zama rami a cikin jerin. "Alhaji ya sayo kai. Su kuma shi suke jira."

Ya ce, "Ka taɓa ganinsa yana wasa?"

Na ce gyaɗar miya ce, a daina wasa da ita.

Ban taɓa ba. Uwa ta tafi fili kallon ɗan fari, a ce mi? Ranar da suka ci kofin jiha aka ɗauko shi a kafaɗa har ƙofar gidan nan, ni ina ciki ina kankare tukunya, da ƙarfi, don kada a ga ina saurare.

Laraba, 15 ga Yuli

Ruwa tun safe. Yanzu yana cinye tuwonsa har ya nemi ƙanzo. Nakan ɗora masa ruwan zafi kafin ya roƙa, in jefa ganyen darbejiya a ciki. Wutar dai tana ci banza ne, shi ya sa.

Rabi'u bai sake ɗaga zancen ba. Ƙila ya manta.

Asabar, 25 ga Yuli

Na je fili.

Na ce wa Lantana gaisuwar mara lafiya zan je. Na ja mayafi har goshi, na raɓe cikin mata masu gasa masara a bakin wayar da ta kewaye filin. Ihu, ganga, hayaƙi. Ban san ta ina ake kallon abin ba ma.

Sai ga lamba takwas ta juyo mini baya. Sai da na riƙe wayar.

Na nemi Sule da ido. Ya kama ƙwallo, ya jefa hagu bai duba ba, kamar yadda aka jera mini a faifai. Ƙwallo ya faɗi a ciyawa, ya gangara shi kaɗai, ya fita. Ya sake yin haka, ya kuma sakewa. Mutane na zagi. Ni kuwa wurin nan da babu kowa nake kallo. Ashe nan ne wurinsa. Shekara huɗu yana isa nan, ni ina kankare tukunya.

Ɗan Kumasi yana tsakiya yana ɗaga hannu, yana nuna musu ƙafarsa. Gudun kam babu shi, wannan Rabi'u bai yi ƙarya ba. Ana gab da tashi wani ya tuna ya ba shi a ƙafa. Bai ko kalli gaba ba, ya zura ƙwallon tsakanin mutum biyu kamar zare a allura, yaron gaba ya same shi ya buga. Ɗaya da nema. Aka ɗauki yaron gaba a kafaɗa. Shi kuma ya fito yana ɗingishi a hankali don kada a lura, makaɗa na binsa da taka sannu, amarya kake rakiya.

A madafa maganar ƙarama ce. A bakin ɗaruruwan mutane ban gane ta ba.

Tsohuwar da ke gefena ta ga ina share ido, ta ce hayaƙin masara ne ko? Sai ta ce, "Ke ma ɗanki na ciki?"

Na ce e.

Litinin, 10 ga Agusta

Rabi'u bai manta ba. Ajiyewa ya yi sai ranar da za ta yi masa amfani. Sun je waje an ci su uku, yau da hantsi sai ga Alhaji Dogo har madafa, abin da bai taɓa yi ba, Rabi'u da koci Usman na biye. Ɗan Kumasi kuma yana tsaye can bakin ƙofa.

Alhaji ya ce, "Inna Hanatu, an ce ke ke dafa ruwan. Zancen gwiwar nan gaskiya ne?"

Koci ya riga ni. "Alhaji, wasanni kaɗan suka rage. Yanzu yaran suka fara gane shi. In aka cire shi yanzu an koma farko."

"Gurgu da albashin mutum shida?" in ji Rabi'u. "Mu da muke bin kulob ɗin nan a bayan a-kori-kura, rana da ruwa?"

Alhaji ya ɗaga musu hannu, ni yake jira. Ban iya ƙarya ba, balle ga wanda nake cin abinci a hannunsa. Na ce gaskiya ne.

Ya jinjina kai. Ya ce, "To ke da kike ganinsu kullum, a bar shi ya ƙarasa, ko a sallame shi?"

Rabi'u ya kwashe da dariya. "Alhaji, ita kake tambaya? Ai ita ta yi waƙar!"

Ban kalli ƙofa ba, amma na ji idonsa a kaina.

Amsar na bakina. Na ga abin da idona, na san inda ƙwallon ke faɗuwa, na san wanda suke jefa wa. Amma in faɗe ta sai na ce na je fili, sai na yi zancen Yaron, in yabi gudunsa, a gaban ƙanen ubansa da manyan maza. Na buɗe baki. Abin da ya riƙe ni tun ranar suna ya riƙe ni.

Na ce, "Ni tuwo na sani, Alhaji."

Ya ce to shi ke nan.

Alhamis, 13 ga Agusta

Ya tafi yau, motar Kano. Ba Alhaji ya kai shi ba wannan karon, Sule ne ya ɗaukar masa jaka zuwa tasha.

Ya biyo ta madafa, har da sallama. Na ɗauka zai yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, "Mama, waƙar yana da daɗi, gaskiya. Har ni nakan rera a wanka." Ya yi dariya. Wai shi ma da shi ne Alhaji, da ya kori kansa tuntuni.

Na ce yaran uku fa? Ya ce Allah na nan.

Ya miƙo mini abu naɗe a jarida. Ban buɗe ba, na ji gilashin ta cikin takardar.

"Sau ɗaya, Mama. Ba kowa a nan. Ka kira in ji yadda mamansa ke faɗa."

Na ƙulla masa ƙuli-ƙuli da dakuwa a leda. Na ce hanya da nisa, kada ya rasa mota.

Ya tsaya kaɗan. Ya ce to, ya tafi, yana jan ƙafar. Yanzu ba ya ɓoyewa.

Lahadi, 30 ga Agusta

An ba wani yaro daga Kucheri lamba takwas. Gudu kamar barewa, in ji Sule, sai dai ƙwallon ne ba ya sanin inda ya bari. An ci su jiya, an ci su wancan mako. Rabi'u ya ce ai dama koci ne matsalar, makaɗansa sun fara haɗa masa tasa waƙar. Ya leƙo ya ce ko ina da wata magana mai daɗi. Na ce ruwa na randa.

Ban san ko mutumin can ya kai kuɗinsa ba. Ban san ƙwallo ba. Da dai an bar shi ya ƙarasa.

Yau da safe na sake ɗora ruwan, har da darbejiya. Lantana ta gani, ta ɗauke ta wanke tukwane da shi.

Abin cikin jarida na rataye shi a ɗakina, bayan ƙofa, don gara kada ta ci a ƙasa. Ba kallonsa nake ba, sai in ina shara. Ashe yana da tabo a haɓa. Ban san yaushe ya ji ciwon ba, ko a Nahuce ne, ko a fili. Ba wanda zan tambaya.

Lawwali.

To. Alƙalami ne, ba baki ba.